Yini Ɗaya Na Huta a Makaranta, Yanzu Ina Jin Kamar Na Ci Amanar Yayana

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 21, ina aji uku a wata jami'ar gwamnatin tarayya, ina karantar kemistiri. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare. Yayana ne ke ɗauke da karatuna, Adaidaita Sahu yake tuƙawa a Kano, kuma na wani ne ba nasa ba. Shi daga sakandare ya tsaya saboda mu.

Makonni uku da suka wuce, wata Asabar, ba mu da lakca kuma mun gama tes. Na yi wanki da safe, muka yi ɗanwake da 'yan ɗakinmu, ƙawata ta yi mini kitso a gindin darbejiya, na yi barci bayan azahar, da la'asar muka shimfiɗa tabarma muna hira. Anti, tun da na shigo makarantar nan ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba. Muna cikin dariya sai Yaya ya kira. Ya ji hayaniya ya tambayi inda nake, na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru, can ya ce, "Ni ina nan rana tana dukana tun safe, ke kina can kina kitso da hira. Allah ya ba da sa'a." Ya kashe wayar.

Tun daga ranar ban sake zama da kowa ba. A aji nake kwana ina karatu har asuba, ina shan Nescafe, kaina yana ciwo, abin da na karanta ma ba ya zama. Ƙawata tana ganin wani laifi ta yi mini. Yaya ya turo kuɗin abinci kamar yadda ya saba amma bai kira ba, ni ma na kasa kiransa. Mama ba ta san komai ba. Sakamakona 3.9 ne, ban taɓa maimaita wani kwas ba. Shin amanarsa na ci? Kuma me ya sa har yanzu in na tuna ranar nan sai in ji daɗi, sannan in ji kunyar jin daɗin?

Daga wata ƙanwarki a hostel

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya saka wa yayanki da alheri. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma zan fara da amsar da kika fi buƙata don ki samu ki yi barci yau: ba ki ci amanar kowa ba. Kin gama tes, ba ki da lakca, kin wanke kayanki, kin ci abinci mai zafi, kin gyara kanki, kin huta, aka tambaye ki kika faɗi gaskiya. Na duba yinin nan tun daga safiyarsa har la'asar, ban ga inda aka ci amana ba. Mai cin amana da ta ga kiran Yaya sai ta ruga bayan ɗaki inda babu hayaniya ta ce tana laburare. Ke ba ki yi haka ba.

Amma ba zan ce miki Yaya mugu ne ba, ko ya zalunce ki da gangan. Ina so ki ɗan shiga cikin keken nan tare da shi. Direban da ke tuƙa na wani yana da balas a kansa kullum, kuɗin da zai miƙa wa mai keke ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Sai ya fitar da balas, ya fitar da kuɗin mai, sannan abin da ya rage ya zama nasa, kuma a cikin wannan ragowar ne ake ciyar da Mama, ake biyan kuɗin makarantarki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. A shekarar 2023 ɗin nan ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Duk wannan nauyin a wuyan mutum ɗaya ya sauka. A sana'arsa, sa'a guda da ya ajiye keke a inuwa kuɗi ne suka wuce shi. Yinin da bai fita ba bashi ne. To mutumin da rayuwa ta koya wa wannan lissafin, da ya ji dariya a waya da la'asar, da ma'aunin sana'arsa zai auna. Bai san yadda makon ɗalibi yake tafiya ba, domin bai samu damar zama ɗalibin jami'a ba, kuma saboda ku ne bai samu ba. Ina kyautata zaton a cikin maganar da ya faɗa akwai gajiya, akwai tsoron kada wahalarsa ta tashi a banza, wataƙila har da ɗan ciwon abin da ya so wa kansa bai samu ba. Wannan ba hassada ba ce. Mutum yana iya sadaukar da abu da zuciya ɗaya, kuma ya ci gaba da jin zafin rashinsa.

Ki kuma lura da abin da ya yi bayan maganar. Ya turo kuɗin abinci a kan lokaci. Da yawa daga mazanmu ba su iya buɗe baki su ce "na yi miki magana mai zafi" ba, sai dai su faɗa da aiki. Ni dai haka na karanta wannan kuɗin. Shirun da yake yi zai yiwu irin naki ne: kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara.

Inda ya yi kuskure shi ne ɗaukar karatu kamar tuƙi. A tuƙi, yawan sa'o'i shi ne yawan kuɗi. Karatu ba haka yake ba, kuma ke da kanki kin gani cikin makonni ukun nan: kin ninka sa'o'in zama gaban littafi, amma kin ce abin da kike karantawa ba ya zama. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta lalace ba. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana, ta mayar da shi abin da za a iya tunowa daga baya. Shi ya sa likitoci suke cewa baligi yana buƙatar barcin sa'o'i 7 zuwa 9 a dare. Wanda ya kwana a aji har asuba, abin da ɗalibai ke kira TDB, ya zuba ruwa ne a tulu ya hana a toshe hudar. Nescafe ɗin da kike sha ma, sinadarin da ke cikinsa mai hana barci yakan ɗauki kusan sa'o'i 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin da kika sha da tsakar dare yana nan tare da ke har hantsi, yana hana ki barcin kirki ko da kin kwanta, yana ƙara bugun zuciya da ciwon kai. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun a 1885 cewa mutum yana saurin manta sabon abin da ya koya, kuma maimaita shi a rarrabe cikin kwanaki ya fi cusa shi a zama ɗaya. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki tambayi kowane mahaddaci, zai gaya miki da tishi ake riƙe hadda, kaɗan-kaɗan kullum, ba da kwana guda a zaune ba. Kuma makarantar allo, wadda ta yaye alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, tun kaka da kakanni tana da hutunta na mako: a tashi ranar Laraba, a huta Alhamis, sai bayan Juma'a a koma kan allo. A ranakun nan ne almajiri yake wanki, yake aski, yake ziyara. Malaman da suka tsara haka ba ragwaye ba ne. Sun san ɗan Adam.

Tun da kin kawo maganar amana, bari in tuna miki da ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, wadda ta zo a Bukhari. Salman ya ziyarci ɗan uwansa ya tarar ya juya wa duniya baya gaba ɗaya, yini azumi, dare tsayuwa. Aka kawo abinci Salman ya ce ba zai ci ba sai shi ma ya ci. Da dare Abud Darda'i ya tashi zai yi salla Salman ya ce ya kwanta, ya sake tashi ya sake cewa ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salman ya yi gaskiya. Ki duba fa, ibada ce ake hana wuce iyaka a cikinta. To ina ga karatun kemistiri? Jikin nan naki shi ma amana ne, kuma shi ne jarin da Yaya ya zuba guminsa a kai. In kika karya shi, ba ki biya Yaya komai ba, asararsa kika ninka.

Tambayarki ta biyu ce ta fi taɓa ni, wadda kika ce kina jin daɗi in kin tuna ranar, sannan ki ji kunyar jin daɗin. Ƙanwata, kada ki bari kunyar nan ta cinye miki ranar. Ni ma na yi zaman hostel, a Amina Hall da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma shekaru sun ja. In kika tambaye ni tambayoyin da aka yi mana a jarrabawar aji uku, ko ɗaya ba zan kawo miki ba. Amma ina tuna safiyar hunturu a Zariya, sanyi yana ratsa ƙashi, mun jera bokitai a bakin famfo muna jiran layi muna hira. Ina tuna ƙamshin garau-garau a kan risho, mu huɗu a kwano ɗaya, ana rigimar wa ya cika yaji. Ina tuna dawowa daga laburaren Kashim Ibrahim da yamma ba tare da sauri ba, domin babu mai jirana da komai. A lokacin ban san wani abu ne mai daraja ba, na ɗauka haka rayuwa take. Sai da aiki ya zo, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, iyaye suka manyanta, sannan na gane yinin da mace za ta tashi babu wanda ke jiran ta dafa masa, babu wanda za ta kai asibiti, lafiyarta ƙalau, ƙawarta tana gefe da matsefi a hannu, abu ne mai ƙidaya. Ke yanzu kina aji uku. In kika lissafa Asabar ɗin da suka rage miki a makarantar nan, kika cire na jarrabawa, da na hutu, da na furojet, za ki ga ba su da yawa. 'Yan ɗakin nan naku kowacce garinsu daban, bayan bautar ƙasa wata sai dai a waya. Hadisi ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a wurinsa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Asabar ɗin nan taki ke nan, babu ragi. Abin da ya dace da ita alhamdulillahi ne. Daɗin da kike ji in kin tuna ta, zuciyarki ce take gane ni'ima, ki bar ta ta gane.

Kuma ki bambanta wannan hutun da zaman dole. 'Yan uwanki ɗalibai sun zauna a gida wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, bayan wanda aka yi na kusan wata tara a 2020. Wancan zaman ba hutu ba ne, ƙunci ne, kuma shi ya sa iyaye da yayye da yawa suka ƙosa, suke ganin duk ranar da makaranta take buɗe to a ci ta da karatu kafin a sake rufewa. Wataƙila akwai wannan ma a ran Yaya. Naki hutun kuwa bayan aiki ya zo, kin gama tes kika zauna.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, kuma ki fara da kiran Yaya cikin kwana biyun nan. Ke ce ƙarama, ke za ki fara, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle yayan da ya zame miki uba. Ki zaɓi lokaci: ba da rana yana kan titi cikin cunkoso ba, sai bayan isha'i ya ajiye keke ya ci abinci. Kada ki buɗe da kare kanki. Ki gaishe shi, ki yi masa sannu da aiki, ki gode masa kuɗin da ya turo, ki ce maganarsa ta ranar nan ta tsaya miki a rai domin kin san irin wahalar da yake sha. Ki ba shi haƙuri a kan ɓacin ran da ya ji. Ki kula, a kan ɓacin ransa za ki ba da haƙuri, kada ki yi masa alƙawarin cewa ba za ki sake hutawa ba, domin alƙawari ne da ba za ki iya cikawa ba, kuma zai tura ki ga ɓoye-ɓoye, wanda shi ne zai zama cin amanar na gaskiya. Daga nan sai ki ba shi abin da bai da shi, wato bayani. Na tabbata bai san ma'anar 3.9 ba. Ki gaya masa maki 5 ne ƙololuwa, daga 3.5 zuwa ƙasa da 4.5 shi ne mataki na biyu babba, wanda ma'aikatu da masu ba da tallafin karatu suke nema, kuma ba ki taɓa faɗuwa kwas ko ɗaya ba. Ki ɗauki hoton sakamakonki ki tura masa ta WhatsApp, ki haɗa da jadawalin lakcocinki na mako, ya ga ranakun da kike shiga aji tun ƙarfe takwas, da na ɗakin gwaje-gwaje da kike yini a tsaye. Gani ya kori ji. Mutumin da yake biyan kuɗin abin da bai taɓa gani da idonsa ba, dole zuciyarsa ta riƙa raya masa abubuwa. Ki mayar da wannan al'ada, duk ƙarshen semista ya ga takarda kafin ya tambaya. In da hali, wata rana ya zo ya ga makarantar, ki zaga da shi, ki nuna masa ajinku da ɗakinku, ki gabatar da shi ga ƙawayenki a matsayin wanda yake karantar da ke. Yana da haƙƙin ya ji alfaharin abin da yake ginawa.

In kin ga bakinki ba zai iya ba, ki yi masa saƙon murya, ya saurara a lokacin da ya natsu. In kuma kin kira ya ƙi sakin jiki, kada ki matsa, ki ba shi mako guda ki sake gaishe shi. Mama kuwa, ban so ki kai mata maganar a matsayin ƙara, domin zai ji kin haɗa shi da mahaifiyarsa a kan abin da yake yi don Allah. Amma in shirun ya kai wata guda, ki gaya mata cikin hikima cewa kin ɓata wa Yaya rai kina so ta taya ki ba shi haƙuri. Uwa ta san yadda za ta sauko da ɗanta.

Akwai kuma hanyar rage masa nauyin da kansa, domin tushen maganar kuɗi ne da gajiya. Asusun ba da rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, don haka kada ki nema sai kun zauna da Yaya da Mama. Zai iya cewa a'a saboda yana ganin nauyinsa ne, ki girmama hakan, amma ko kawo maganar da kika yi zai nuna masa kina tunanin wuyansa. Ki kuma leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku, da sakamako irin naki kina da abin nunawa.

Ƙawarki fa, ki je mata yau, kada ki kai gobe. Yarinyar nan kitso ta yi miki, ta wayi gari kina gudunta ba ta san dalili ba. Ba sai kin zayyana mata sirrin gidanku ba. Ki ce mata wata damuwa ce daga gida ta sa kika janye, ba ita ba ce, ki ba ta haƙuri. Irin waɗannan ƙawayen su ne za su kai ki asibiti in zazzaɓi ya kama ki da tsakar dare, su ara miki littafi ranar da kika rasa lakca.

Kwanan aji kuma ki daina shi daga yau. Ki koma gadonki, ki ajiye Nescafe bayan azahar, ki mayar da karatun mai nauyi bayan sallar asuba lokacin da kai yake sake, ki ƙara da sa'a biyu ko uku da yamma, kina bitar abin da aka yi a ranar kafin ya huce. Ki ware rabin yini a mako, ko yini cikakke in babu tes a gaba, ki sa shi a jadawalinki da biro kamar yadda kike sa lakca. Hutun da aka tsara ba ya zuwa da nadama, kuma ba ya zarcewa ya zama lalaci. Ma'aunin da za ki riƙe mai sauƙi ne: in kina shiga aji, kina miƙa aikinki a kan lokaci, sakamakonki bai sauka ba, to hutunki halal ne. In kika ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fara zamewa, sai ki rage. Idan kuma kin gyara barcinki amma ciwon kan bai tafi ba bayan mako guda, ko kika ga kuka yana zuwar miki ba dalili, ko abinci ya fita ranki, ko faɗuwar gaba ta ƙi barinki har mako biyu, ki je asibitin makaranta ki faɗa wa likita duk abin da kika faɗa mini, har da maganar Yaya. Kada ki tsaya a kan shan Panadol kawai.

Abu ɗaya na bari a ƙarshe, domin shi na fi so ki riƙe idan kuna waya. Yayanki ma ba shi da Asabar. Wataƙila rabon da ya zauna a inuwa ba tare da lissafi a ka ba tun rasuwar Baba. Idan maganarku ta yi daɗi, ki tambaye shi yaushe rabonsa da hutawa, yaya bayansa, yana samun cin abinci da rana kuwa. Zai yiwu babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. In kin je hutu, ki zaɓi wata Juma'a ki roƙe shi ya dawo gida da wuri bayan masallaci, ki wanke masa kayansa, ki kwaɓa ɗanwaken nan da hannunki, ki sa masa ƙwai da yaji mai kyau, ku shimfiɗa tabarma ku zauna da Mama har magariba. Ki rubuto mini bayan kun yi waya, ina so in ji yadda kuka ƙare. Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya buɗa wa Yaya ya mallaki keken kansa.